Sapporo, Garin da Ake Kwashe Sanyi a Tifa

Idan Bakano ya ce ya san sanyi, to hunturu yake nufi. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan taso daga Sahara, ta biyo ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta kwaso ƙura, ta zo ta shimfiɗa mana ita a kan gado da cikin kwanon tuwo. Hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse, leɓe ya tsattsage, diddige ta yi faso, masu man kaɗanya da basilin su sami kasuwa. Da asuba ma'aunin zafi ya sauko 13 ko 12, wata rana ya gangara ƙasa da 10, sai ka ji ana cewa ba a taɓa sanyi irin na bana ba, maganar da aka yi bara, aka yi bara waccan. Kuma muna da makamin da muka gada na yaƙi da shi, wato jira. Mai rumfa a Kurmi ya ƙara jan bargo, mai A Daidaita Sahu ya ajiye keke ya zauna wurin mai shayi, dattawa su jeru a jikin katangar da hantsi ke fara duka. Kafin ƙarfe goma rana ta gama aikinta, kowa ya tuɓe suwaita ya kama gabansa.

Da wannan ilimin na tafi Sapporo a watan Janairu, wurin ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Hokkaido. Sapporo shi ne babban birnin Hokkaido, tsibirin da ke can ƙarshen arewacin Japan. Mutanensa sun kusa miliyan 2, kuma dusar ƙanƙarar da ke zubo masa a shekara, in an haɗa ta, takan kai kusan mita 5. Ba ta taruwa haka a ƙasa, don tana dannewa tana narkewa, amma a tsakiyar lokacin sanyi abin da ke kwance a fili yakan kusanci mita guda. Biranen duniya masu yawan jama'a irin wannan da ke shan dusar ƙanƙara haka ba su da yawa.

A Tokyo na fara sauka, kuma nan mamakin farko ya same ni: babu ƙanƙara ko ta magani. Sama garau, rana tar, iska busasshiya mai tsaga leɓe, hunturu sak amma ba ƙura. Har na fara zargin yaron nan da zuzuta magana. Daga filin jirgin Haneda zuwa na New Chitose tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma kafin mu sauka duk abin da ke ƙarƙashin jirgi ya koma fari fat, gona da rufin gida da titi ba ka bambance su. A cikin jirgin ƙasan da ke kai mutane daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari, tafiyar kusan minti 40, yaron ya warware mini zancen. Iskar da ke kawo musu sanyi daga Siberiya take tasowa, busasshiya kamar tamu, daga tsakiyar nahiya kamar tamu. Bambancin hanya ce. Tamu yashi take ratsowa ta ɗauko ƙura. Tasu Tekun Japan take ratsowa, wanda ruwansa ke da ɗan ɗumi saboda igiyar ruwan da ke haurowa daga kudu, sai ta sha tururi ta ƙoshi, ta zama gajimare, ta zo ta juye kayanta a gaɓar yamma da jikin duwatsu. Kafin ta tsallake tsaunuka ta isa ɓangaren Tokyo ta zazzage komai, sai sanyi tsagwaronsa. Shi ya sa ƙasa ɗaya, wata ɗaya, wani gari na shanya a rana, wani na haƙa ƙofar gidansa da shebur.

Na shirya wa tafiyar nan a wurin 'yan gwanjon Ƙofar Wambai: jibgegiyar rigar sanyi, hula mai rufe kunne, safar hannu, har da dogon wando na ciki. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne gumi zai fi damuna. Cikin jirgin ƙasa ɗumi, tasha ɗumi, kanti ɗumi, ɗaki kuwa har ya wuce misali. A waje ma'auni na nuna 5 ko 6 ƙasa da sifili, a ciki ɗan yayata na zaune da singileti yana shan askirim. Mutanen garin sukan sa kaya hawa-hawa masu saukin cirewa, ni kuwa na shiga cikin riga guda da in na tuɓe ta sanyi ya kama ni, in na bar ta in jiƙe sharkaf. Daga babbar tashar Sapporo zuwa Odori, tsakiyar gari, akwai wani faffaɗan titin ƙafa a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan mita 520, wanda aka buɗe a 2011, ya haɗu da kasuwannin ƙarƙashin ƙasa da suke nan tun 1971. Mutum na iya fita daga jirgi, ya ci abinci, ya sayi takalmi, ya shiga ofis, ya dawo, bai ga sama ba. Da na hau matakala na leƙa titin da ke bisa, sai na tarar da shi kusan fayau, na sauko na tarar da gari guda na tafiya da sauri a cikin rami.

Amma dole wata rana a fito, kuma a nan ne mutum ke sanin ashe tafiya ma darasi ce. Yaron ya dubi sau-cikin da na sa, mai sulɓin ƙasa, ya ce, "Kawu, wannan takalmin ai na zuwa ɗaurin aure ne." Ya kai ni wani ƙaramin kanti muka sayi wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, wadda kuma dole a cire ta in za a shiga gini don kada a kankare wa mutane daɓe. Sannan ya karanta mini dokokin tafiya: a gajarta taku, a sauke tafin ƙafa gaba ɗaya lokaci guda, a ɗan ranƙwafa gaba, kada a sa hannu a aljihu. In taƙaice maka, tafiyar agwagwa. Ni da na saba tafiyar ƙasaita, hannu a baya, carbi na lilo, sai ga ni ina tale ƙafa ina dafa iska, yayin da wata tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba ta wuce ni da jakar cefane ko kallon ƙasa ba ta yi. Dusar da ta zubo sabuwa ba ta da illa, ƙafa na nutsewa a cikinta tana ƙara. Mugun wuri shi ne inda tayoyi da ƙafafu suka danne ta, rana ta ɗan narkar da samanta, dare ya sake daskarar da ita ta zama gilashi: wurin tsallaka titi, gaban tashar bas, bakin matakalar jirgin ƙasa. A wurin tsallaka titi ne ƙasa ta karɓi gaisuwata. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya ce sannu da ƙarfi yadda za a yi a Mandawari. Wani mutum ya tsaya ya tabbatar na miƙe, ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce. Ba abin wasa ba ne a wurinsu. Kowane lokacin sanyi motar asibiti na ɗaukar ɗaruruwan mutane a birnin nan, wani lokaci sama da dubu, saboda faɗuwa a kan ƙanƙara.

A bakin mahaɗar tituna na riƙa ganin wasu akwatuna a tsaye, ba kwaɗo ba maigadi. Cikinsu ƙananan ledoji ne cike da niƙaƙƙiyar tsakuwa. Duk wanda ya ga wuri ya yi santsi sai ya ɗauki leda guda, ya farke bakinta, ya barbaɗa a hanya, ya mayar da ledar cikin akwati. Na tsaya ina kallon wani magidanci da kwat da jakar ofis yana wannan barbaɗe, a kan hanyar da shi ya riga ya tsallake. Tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce wa ke gadin akwatin, don a garinmu tsakuwa kuɗi ce. Daga baya na tuna randar da ake girkewa a ƙofar gida a cikin birni, da moɗa a kanta, don mai wucewa ya sha, kuma ban taɓa jin an sa mata maigadi ba. Ashe mun san irin wannan aiki. Sai dai mu a babin sadaka muka ajiye shi, mai hali ya yi don lada, su kuwa hukumar gari ce ke cika akwatin, jama'a su yi barbaɗen.

Santsin nan kansa yana da tarihi, kuma tarihin ya ba ni dariya. A shekarun 1970 da 1980 motocin arewacin Japan tayoyi masu ƙusa suke sakawa lokacin sanyi. Suna riƙe ƙanƙara da kyau, amma da zarar ta narke sai ƙusoshin su koma cin kwalta, garin kwaltar ya tashi sama. Sapporo da Sendai suka riƙa shiga cikin ƙura mai toshe hanci, mutane na yawo da takunkumi. Wato dai sun ƙera wa kansu hunturu da hannunsu. A 1990 aka yi dokar da ta hana amfani da irin waɗannan tayoyi a yankunan da abin ya shafa, aka koma tayoyin roba mai laushi marasa ƙusa. Ƙura ta kwanta, amma sababbin tayoyin sai suka riƙa goge dusar da ke kan titi tana ƙyalli. An rabu da Bukar an haifi Habu. Daga nan aka ƙara yawan akwatunan tsakuwa, da barbaɗa gishirin narkar da ƙanƙara, da shimfiɗa wayoyin lantarki ko bututun ruwan zafi a ƙarƙashin wasu hanyoyi masu gangara da gaban manyan gine-gine. Kana tafe a kan ƙanƙara sai ka ga wani yanki na daɓe baƙi wuluk a bushe, kamar ba a gari ɗaya suke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da dare ya faru. Wajen ƙarfe biyu na ji gida na rawa, ga ƙugin inji, ga fitila ruwan lemo tana haska labule tana ɗaukewa. Na leƙa taga na ga gireda na tafe tana ture dusar da ta zubo tun magariba zuwa gefen titi, wata na biye da ita. Na ta da yaron na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Lafiya lau, Kawu, ta kai santimita goma ne." Ƙa'idar garin ke nan: idan abin da ya zubo ya kai kimanin santimita 10, ma'aikata su fito tsakar dare, su gama kafin mutane su fara fita aiki. A daren da aka fito gaba ɗaya, injuna kusan 1,000 da mutane kusan 3,000 ne ke bin tituna masu tsawon kimanin kilomita 5,400. Kuɗin da hukumar birnin ke warewa don wannan aiki a shekara ya haura yen biliyan 20. Na koma na kwanta ina lissafin cewa duk wannan dukiya ana kashe ta ne a kan abin da zai narke da kansa in an yi haƙuri zuwa watan Afrilu.

Da gari ya waye na gane inda lissafina ya tsaya. Gireda ba ta ɗauke dusa, turewa take yi, don haka takan bar wani tudu mai tauri a bakin kowace ƙofa, kuma wannan tudun na mai gida ne. Tun duhu bai gama washewa ba unguwa ta cika da ƙarar shebur. Maƙwabciyar yaron, dattijuwa mai furfura, tana tura wani faffaɗan shebur mai mariƙi biyu, ta cika shi, ta zame shi zuwa gefen gida, ta juye, ta dawo. Ta kai sa'ar gyatumata, kunya ta hana ni tsayawa kallo, na fita na karɓa. Dusar da ke saukowa kamar ba ta da nauyi, wadda suke kaɗewa daga kafaɗa ba tare da sun buɗe lema ba, in gireda ta danne ta sai ta koma kamar jiƙaƙƙiyar ƙasar gini. Ban yi nisa ba numfashina ya fara fita da ƙyar, tsohuwar ta karɓi kayanta tana ta sunkuyawa tana godiya, ta ci gaba daga inda na tsaya. Na ce wa yaron me zai hana ta bari rana ta ɗaga tukuna. Ya ce, "Kawu, a nan rana ba ta kwashe komai. Abin da ka bari yau, gobe dutse ne, jibi kuma wata ta hau kansa."

Wannan magana ita ce ta buɗe mini garin. Jiran da muke yi a hunturu ba lalaci ba ne, dabara ce da ta dace da sanyin da ke tafiya da kansa kafin hantsi ya dubi ludayi. Sanyin Sapporo kuwa kaya ne, yana da nauyi da girma, yana cin fili, kuma ba ya gusawa sai an ɗauke shi. Shi ya sa bayan turewa akwai kwashewa. Idan tudun gefen titi ya yi tsawo har ya fara rufe wa direba ido, titi mai layi biyu ya koma layi ɗaya, sai a kawo wani inji mai haƙora da ke cin tudun yana feso shi ta bututu cikin tifa, tifa na cika wata na matsowa. Ana kai lodin wasu filaye a bayan gari da bakin kogin Toyohira, a tara shi ya zama tsauni, wani ba ya gama narkewa sai an shiga watannin zafi. Wani kason kuma a zuba shi cikin manyan tankuna inda ɗumin ruwan kwatar da aka tace ke narkar da shi. Ban taɓa tunanin zan ga garin da ake yi wa sanyi lodi kamar yashi ba.

Da ka fahimci haka sai ka ga komai na garin an yi shi ne da ƙanƙara a zuciya. Fitilun ba da hannu a tsaye suke, ja a sama kore a ƙasa, ba a kwance ba kamar na Tokyo, don kada dusa ta sami wurin zama. A hanyoyin bayan gari an rataye wasu kibau a sama suna nuna ƙasa, su ke gaya wa direba inda gefen titi yake idan komai ya zama fari. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a Disambar 1971 gab da gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta 1972, a kan tayoyin roba yake gudu, kuma inda layin Namboku ya fito sarari a kudancin gari an yi masa rumfa ta rufe shi ruf. Wanda ya fi burge ni shi ne taragon da ke share wa jirgin kan titi hanya da asuba. A ƙasar da ta yi suna da na'urori, abin da ke gaban taragon nan tsintsiya ce ta tsagaggen gora, an jera ta a jikin wata ganga mai juyawa, tana watsa dusa gefe. Sun gwada sun ga gora ta fi, sun bar ta.

Titunan ma faɗinsu ba ado ba ne kawai. Sabon gari ne, daga 1869 gwamnatin Japan ta fara zana shi a ƙasar da mutanen Ainu ke zaune tun asali, aka yanka shi murabba'i-murabba'i, har adireshi lissafi ne: layi na kaza arewa, na kaza yamma. Ni da na tashi a inda ake kwatance da gidan mai unguwa da bishiyar durumi, na ɗauki lokaci kafin in yarda cewa lamba kaɗai na iya kai mutum gida. Na yi ta ayyana irin wannan dusa ta sauka dare ɗaya a lungunan Yakasai ko Ƙoƙi, inda in mai kura ya shigo sai mai tafiya ya manne da bango. Ina za a tura ta? Amma lungun namu ma ba a banza aka matse shi ba, inuwa ake nema da kariya daga iska. Kowa da abin da ya gina gari don gudunsa. Gidajensu kuwa sun ba ni mamaki ta wata fuska, don sun yi kama da namu fiye da yadda na zata. Kafin ƙofar gida akwai wani ɗan ɗaki na gilashi inda ake kaɗe dusa a rufe ƙofar waje kafin a buɗe ta ciki, zaure ke nan ba wani abu ba. Rufin gidaje da yawa a shimfiɗe yake kamar na soro, an yi shi ya riƙe dusa kada ta zamo ta faɗa kan maƙwabci ko mai wucewa, ruwan da ya narke ya bi ta bututu a tsakiya maimakon indararo. A gefen gida ga tankin kananzir, mota na zagayawa tana cikawa. In dare zai yi tsanani, ko za a bar gida ba kowa, sai a zuƙe ruwan famfo kaf, in ba haka ba ya daskare ya fasa bututu.

Salla ma sai da ta sake mini lissafi. A Janairu rana na fitowa wajen bakwai, ta faɗi wajen huɗu da rabi. Kafin sha biyu Azahar ta shiga, kuma daidai lokacin da jikina ya saba miƙewa don Azahar a gida, wajen ƙarfe biyu, su La'asar ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Zuwa shida an yi Isha'i, sai ka ga dare ya miƙe ba iyaka. A ƙaramin masallacin da ke kusa da jami'a, inda ɗalibai daga Indonesiya da Bangladash da Masar ke haɗuwa ranar Juma'a, na ga amfanin babin shafa a kan huffi da muka karanta a Risala a zauren malam muka wuce shi kamar labarin wata duniya. Wanda ya taɓa tuɓe takalmi da safa biyu don wanke ƙafa a irin wannan yanayi ba ya bukatar a yi masa sharhin hikimar babin. Abinci kuwa sai da lura, don taliyar da garin ya yi suna da ita galibi da romon alade ake yinta. Kifi da shinkafa suka riƙe ni, da shayin gwangwani mai zafi da ake saya a injin bakin titi, wanda na fi amfani da shi wajen ɗumama hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake ba shi labari. Shirin nan duka yana da iyaka. Ranar 6 ga Fabrairun 2022 dusa ta zubo santimita 60 cikin awa 24, jiragen ƙasa da ke shiga da fita Sapporo suka tsaya cik, aka yi kwanaki kafin su daidaita, bas-bas suka kasa bin wasu unguwanni, har kwasar shara ta sami tsaiko. A Disambar 2016 an soke ɗaruruwan jirage a New Chitose, dubban matafiya suka kwana a daɓen filin jirgi. Duk shekara ana samun tsofaffin da ke faɗowa daga rufi wajen sauke dusa a yankunan ƙanƙara na Japan, kuma masu tuƙa injunan nan na dare su ma tsufa suke yi, matasa ba sa rububin gadonsu. Tokyo kuwa, da ba ta saba ba, abin da Sapporo za ta share kafin karin kumallo shi ke durƙusar da ita: santimita 27 a Fabrairun 2014 da 23 a Janairun 2018 sun tsayar da jirage, motoci suka maƙale sa'o'i a manyan hanyoyi. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ashe ba wani sirri ne a jinin Bajapane ba. Garin da ya san baƙonsa na zuwa duk shekara ya tanadi tabarma, wanda bai saba ba ya yi ta kame-kame kamar kowa.

Wani abu da har yanzu nake murmushi in na tuna: yayin da tifofi ke fitar da dusa daga gari da dare, da rana wasu motocin, har da na sojoji, shigo da ita suke yi, fara tas daga bayan gari, suna juyewa a filin Odori. Shirin bikin ƙanƙara ne da ake yi a farkon Fabrairu. A 1950 'yan makarantar sakandare suka fara shi da mutum-mutumi shida, sojoji suka shigo a 1955 suka fara gina manya, yau kuma mutane wajen miliyan 2 ke zuwa kallo. Na ga ana sassaƙa gini mai tsayin bene da dusa zalla, da ginshiƙai da tagogi, mutane a kan tsani suna gyara shi da abin da ya yi kama da kayan magina. Mako guda ake kallo, washegarin rufewa a kawo inji a rushe. Na tambayi yaron ko ba sa jin ciwon asarar, ya ce otal-otal da masu abinci ba su taɓa kiranta asara ba.

A jirgin dawowa tunanina ya koma kan makamin namu. Jira na maganin sanyin safe, wannan ba gardama. Matsalar ita ce mun ɗauke shi mun kai inda rana ba ta yi mana aiki. Hazo kan hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano, kuma ba shekarar da ba ya zuwa. Direba ya hau hanyar Zariya cikin ƙura da fitila ɗaya. Garwashi a kasko cikin rufaffen ɗaki da hitar dafa ruwa da aka manta a kunne suna cinye gidaje duk hunturu, 'yan kwana-kwana na ta gargaɗi a rediyo. Almajiri na kwana a bakin shago da riga ɗaya. Sai kuma damina, wadda ita ce ainihin ƙanƙararmu: ruwan Agusta ya tarar da kwata cike da leda, Jakara ta toshe, kududdufan da ke shanye ruwan birni an cike su an yi gini, ruwa ya shiga ɗakuna, mu ce ya zo ba zato. Alhali kakanninmu a cikin ganuwar nan ba haka suke ba. Kafin ruwan fari a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a duba azara, a gyara indararo, a yi gayya a yashe magudana, don sun san soron da aka bari ba ya jiran a shirya. Kalandar aikin na nan a hannunmu tun kafin a aza tubalin farko a Sapporo, siminti da kwano ne suka sa muka ɗauka an sallame mu.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa can tsakanin Disamba da Maris: rigar sanyi a saya a gida ta fi araha, amma a nemi mai sauƙin tuɓewa, takalmi kuwa a bari sai an isa a sayi nasu. A cikin gari a dogara da jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne dusa ba ta cika tsayarwa ba. Kuma kada a haɗa jirgin Sapporo da jirgin dawowa gida daga Tokyo a rana ɗaya, a bar kwana guda a tsakani.